Zamanin da Ake Riƙe Waƙa a Hannu

Da wuya ka shiga gida a Ushafa yau ka tarar babu waƙa a ciki. Tana cikin wayar ɗan acaɓan da ke jiran fasinja a bakin titin Bwari, tana cikin ta mai shayi, tana cikin ta yarinyar da aka aika cefane. Mai son Shata ga Shata, mai son Ala ko Rarara ko 'yan Indiya yatsa kawai zai ɗora. Tun da nake ban taɓa ganin waƙa ta yi araha haka ba. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu saurarenta ba su san inda ta fito ba: wa ya rera, wa aka yi wa, a wane gari, da wane dalili. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata da kaso mai tsoka na albashina wajen tara faifai da kaset, na san a da waƙa ba ta zuwa ita kaɗai. Da labarinta take zuwa, kuma labarin nan shi ne rabin daɗinta.

A Funtuwa aka haife ni, a tsakiyar shekarun 1950, lokacin garin yana ji da kansa saboda auduga da jirgin ƙasa. Layin dogon da ya taso daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ta nan ya ratsa, don haka sabon abu in ya shigo Arewa ba ya daɗewa sai ka gan shi a kantunan bakin tasha. Mahaifina tela ne, ba mai kuɗi ba, amma wata kakar auduga da ɗinki ya yi kasuwa sai ya sayi garmaho. Baƙin akwati ne mai murfi, da hannu a gefe wanda ake wanawa kafin faifai ya soma juyawa. Ba wuta, ba batir. Allurarsa ta ƙarfe ce, tana zuwa da yawa a wani ɗan gwangwani mai hoton kare ya kasa kunne a bakin ƙahon garmaho, kuma in an ji fuska ɗaya ko biyu sai a sauya ta, don in ta dakushe cin faifan take yi. Shi kansa faifan nauyi gare shi, yana zagayawa sau 78 a minti ɗaya, fuska guda ba ta wuce minti uku da 'yan kai. In ya suɓuce ya faɗi ya tashi aiki, tamkar tukunyar ƙasa. Shi ya sa mu yara ba a bari mu taɓa. Aikinmu wana hannun nan ne kawai, shi ma Baba yana tsaye a kanmu yana cewa, "A hankali, kada ka tsinka masa sifirin."

Sai bayan sallar isha'i ake fito da shi zaure, maƙwabta su hallara. Faya-fayan Hausa ba su da yawa a akwatin, saura na Yarbawa ne da na mutanen Gana da na Larabawa da Indiya. Amma in aka sa na Hausa, kafin allura ta kai ƙarshe hira ta ɓarke. Wannan ya ce wanda ake wasawa ɗin nan ai na san ubansa, dillalin shanu ne. Wancan ya ce an datse waƙar ne don ta shiga faifai, shi ya ji ta a wurin buki ta ninka haka tsawo. Wani ya rage murya ya faɗi wanda ake yi wa habaicin. Ina gefe a kan buzu ina haɗiyar wannan duka, kuma a nan na fara gane cewa mawaƙin Hausa ba ya sakin magana a iska. Kowane suna da ya ambata na mutum ne mai gida da sana'a da abokan gaba.

Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 sai kunnenmu ya faɗaɗa. Mu mutanen ƙasar Katsina kalangu muka sani, ga Shata a tsakiyarmu, ga matan amada da ƙwaryarsu, waɗanda daga baya Barmani Coge ta yi fice a cikinsu. Rediyo ce ta kawo mana makaɗan fada na ƙasar Sakkwato har cikin ɗaki: Salihu Jankiɗi da taushinsa, Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, da Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda ya rasu tun farkon shekarun 1960, abin da na'ura ta kama na muryarsa kuwa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da ya rera a rayuwarsa. Shirin Zaɓi Sonka ya koya mini wata irin ƙishirwa. Ka ji waƙa ta ratsa ka, ta ƙare, ba ka da ikon cewa a maimaita, sai ka jira ranar da wani zai sake zaɓarta. Ina jin daga wannan jira ne son mallakar waƙa ya shige ni.

Na kama aikin gwamnati a Kaduna daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975. Abokaina wasu suka sayi babur, wasu suka yi aure. Ni na sayi na'urar faifai mai aiki da lantarki da lasifika biyu. Faifan wannan zamani ya bambanta da na Baba: na roba ne, ba ya fashewa da sauƙi, yana juyawa sau 33 da ɗigo a minti, fuska ɗaya ta ɗauki kusan minti ashirin. Ga kwali mai hoton mawaƙi, ga sunayen waƙoƙi a jere, ga sunan kamfani da lambar faifai, wani lokaci har da shekara. Kamfanoni irin su EMI da Decca da Philips ke riƙe da kasuwar daga Legas, kuma a ƙarƙashin EMI na sami faya-fayan Shata na farko da na mallaka. Ƙarshen wata in ya yi, kafin in biya mai abinci sai na biya ta shagon faifai. Mai shagon Inyamuri ne da ya iya Hausa kamar jakin Kano, in ya hango ni sai ya jawo wani abu daga ƙarƙashin kanta ya ce, "Malam, na ajiye maka." Ba na Hausa kaɗai na tara ba. Samarin Kaduna na lokacin Jim Reeves da Don Williams suke ji, da Jimmy Cliff da Bob Marley, da Rex Lawson da Fela, ga Bala Miller namu na gida. Gidajen silima kuma sun cusa mana Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi. Duk na saya, kuma har yau ba na jin kunyar ko ɗaya. Amma in dare ya raba na rage ni kaɗai, kuntigin Ɗan Maraya Jos nake sawa, ko gurmin Haruna Uji.

Kaset ne ya juya komai. Kamfanin Philips ya ƙirƙiro shi tun 1963, amma bai cika ƙasar Hausa ba sai wajajen ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kusan kowane alhaji in ya sauko daga jirgi da rikoda a rataye. Faifai sai a saurara kawai, kaset kuwa yana ɗauka. Da batir huɗu ko shida da kaset ɗin TDK mai minti 90, kowa ya zama kamfanin kansa. Ana buki sai ka ga rikodoji an jere su a gaban makaɗi, kowa ya danna nasa. Waƙar da a da ake datse ta don ta shiga faifai yanzu ana kama ta ɗungurungum, da guɗar mata, da muryar sanƙira yana shelar kyautar da aka yi, da kukan yaro a bayan fage. Ga mai tara waƙa wannan ba ƙaramin arziki ba ne, musamman a kan mutum irin Shata, wanda ba ya maimaita waƙa yadda ya yi ta jiya. Bakandamiyarsa kaɗai ta isa misali: wadda aka ɗauka a wannan gari daban, ta wancan daban, ya ƙara nan ya rage can, ya sako sunan wanda ke zaune a gabansa a daren. Mai kwafi ɗaya bai ji ta ba tukuna. Saboda haka muke bin juna gida gida, mu masu wannan ciwo, ana musaya. Ka ba ni ta Gusau in ba ka ta Jos. In na sami hutu sai na dangana da kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, inda dillalan kaset suke da injinan kwafi a jere suna aiki ba dare ba rana.

Kula da kaset sana'a ce mai zaman kanta, kuma hannuna bai manta ba. In rikoda ta tauna zare, ba a fizga. A buɗe murfi a zaro shi a hankali, a shimfiɗa wurin da ya yamutse a kan cinya a lallashe shi da yatsa, sannan a zura biro a ramin kaset a naɗe. In ya tsinke, a yanke bakin biyu da reza a ɗiga jan farce kaɗan a haɗa, a jira ya bushe. Za a rasa kalma ɗaya ko biyu, amma waƙar ta tsira. Kan rikoda kuma auduga da sifirit. Sai ɗan kunnen nan na bayan kaset, wanda in ka ɓalle shi ba mai iya ɗaukar wani abu a kai. Wanda bai ɓalle ba ya sha mamaki, domin a lokacin da kaset ake aika saƙon murya ga 'yan uwa da ke Makka ko Sudan, kuma mai neman kaset ɗin aika gaisuwa ba ya tsayawa tambayar abin da ke ciki. Waƙoƙi da yawa a haka suka tafi, gaisuwar iyali ta hau kansu.

Kaset ya kashe kasuwar faifai, wannan ba a musu. Kwafi ya yi yawa, ga darajar naira ta zube bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, kayan buga faifai kuwa daga waje ake shigo da su. Kamfanonin Turawa suka tattara, abin da EMI ya bari ya koma Ivory Music, na kamfanin PolyGram ya koma Premier. Makaɗan Hausa ba su ji zafin abin kamar na Kudu ba, don su dama ba da cinikin faifai suke ci ba. Kyautar sarki da ta attajiri da liƙin buki ke riƙe da su, yawan kwafi ma suna ya ƙara musu. Asarar ta faɗa a wani wuri da ba mu lura da shi ba a lokacin. Faifai yana zuwa da rubutu a jikinsa. Kaset ɗin kasuwa kuwa sau da yawa suna ɗaya ne aka rubuta da biro, wani ma ba komai. Daga nan waƙa ta fara rabuwa da takardarta, aka bar wa ƙwaƙwalwar mai ita.

Da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, guguwar ta kwaso har da irinmu na Kaduna. Na zauna Kubwa wasu shekaru, da haya ta fi ƙarfina na nemi ɗan fili a Ushafa na yi gini. Ƙauyen Gbagyi ne a lokacin, a gindin duwatsu, gonakin doya da dawa sun kewaye shi, mata na dawowa daga daji da itace a kafaɗa kamar yadda al'adarsu take, ga madatsar ruwan Usuma da ke shayar da birnin a kusa. Cibiyar ginin tukwane da aka kafa a farkon shekarun 1990 ƙarƙashin shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara ita ce ta fara jawo baƙi. Sai kuma Agustan 2000, da shugaban Amurka Bill Clinton ya zo har cikin garin aka naɗa shi Ɗanmasanin Ushafa, sunan ƙauyen ya shiga duniya. Ni abin da ya fi tsaya mini a wannan tsakani ya faru shekara guda kafin nan. Ranar Juma'a, 18 ga Yunin 1999, Shata ya rasu a Kano, aka kai shi Daura aka rufe. Gidajen rediyo suka buɗe taskarsu, suna ta sako waƙoƙin da ban taɓa ji ba da tsofaffin hirarrakin da aka yi da shi. Na zauna gaban rediyo da kwalin sababbin kaset ina ɗauka ina hawaye. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ko abinci ba ka ci ba." Na ce ta ajiye. Waɗannan kaset ɗin suna cikin abin da na fi ji da shi, don a cikinsu akwai muryar mai gabatarwa yana faɗin inda aka ɗauki kowace waƙa.

Ƙasar Ushafa ba ta yi wa kayana daɗi ba. A Funtuwa ƙura ce abokiyar gaba, a goge a wuce. Nan damina doguwa ce, laima na shiga ko'ina, zaren kaset ya yi funfuna ya manne da juna, kwalin faifai ya yi laushi gara ta samu. In bazara ta zo kuma zafin kwano ya lanƙwasa faifan roba in an bar shi a kwance ko a jingine. Dole a tsayar da su cak, a matse, nesa da bango.

Wayar salula ta shigo a 2001, ba a jima ba ta zo da memori, memori ya haifi 'yan dawunlodin. Akwai wani yaro a bakin kasuwa da ke da kwamfuta a ƙarƙashin lema, mai ladabi ne ƙwarai. Na taɓa zama wurinsa na ce ya nuna mini abin da yake da shi na gargajiya. Ya ce, "Baba, akwai su da yawa, wanne za a tura maka?" Ya buɗe jakar da aka rubuta wa Ɗanƙwairo. Ta farko tasa ce. Ta biyu Narambaɗa ne. Ta uku ma ba kotso ba ne, taushi ne, kunne ya isa ya raba su. Na faɗa masa, ya ce, "Wallahi Baba haka aka turo mana." Gaskiya ya faɗa, ba laifinsa ba ne. Waƙar ta bi hannu ɗari kafin ta iso shi, a kowane hannu ta zubar da wani abu: an yanke farkon inda makaɗi ke gaisuwa, an manna hoton wani, an sauya suna. Ya ɗauko biro ya ce in faɗa masa ya gyara, kuma ya gyara. Amma kwafin da ya riga ya tura wa ɗaruruwan mutane yana can yana yawo da sunan da ba nasa ba.

Ba na cikin masu zagin waya. Waƙoƙin da na yi shekaru ina nema ban samu ba, na makaɗan Maraɗi da Damagaram da na tsofaffin 'yan kukuma, jikana ya nemo mini su a YouTube cikin ɗan lokaci, kuma ban ɓoye farin cikina ba. Da ba don masu ɗora tsofaffin kaset a intanet ba, da wasu muryoyin sun riga sun bi masu su. Abin da nake cewa shi ne murya kaɗai ba ta isa ba. Waƙoƙin nan su ne kundin mutanen da littafin tarihi bai san da su ba. Wa zai san ɗan dambe Shago yau ba don Ɗan Anace ba? Wa ya kula da karen mota kafin Ɗan Maraya ya tsaya ya dube shi a matsayin mutum? Hakimai da direbobi da 'yan koli da sarakunan noma da matan da suka yi tashe a garuruwansu, duk suna cikin bakin makaɗa. In aka rasa wanda zai ce wannan wane ne, na gari kaza, a zamanin sarki wane, sai sunan ya zama sauti kawai. Wasu abokaina na masallaci sukan ce, cikin ƙauna, a shekaruna ya kamata in sallami kayan nan. Ina girmama maganarsu, kuma a kantar nan tawa akwai tafsirin Malam Abubakar Gumi da waƙoƙin Aƙilu Aliyu gefe da gefe da na makaɗa. Sai dai ban yarda cewa tarihin talakawanmu abin zubarwa ba ne.

A ƙasashen Turawa faifai ya dawo da ƙarfinsa. A Amurka, a 2022, yawan faifan roba da aka sayar ya zarce na sidi, abin da rabon da a gani tun 1987. Masu neman tsofaffin faya-fayan Najeriya suna zuwa daga Turai su bi shaguna da ɗakunan ajiya, su saya su sake bugawa da dogon bayani a jikin kwali. Har waƙoƙin finafinan Hausa wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya tattara ya buga a faifai a 2013, da sunan Harafin So. Tun a shekarun 1960 ma wani Ba'amurke, David Ames, ya zauna a ƙasar Zazzau yana ɗaukar makaɗa yana rubuta sunan kowane kayan kiɗa da aikinsa. Namu masanan su ma sun yi aiki: Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗan baka ɗaya bayan ɗaya ya rubuta rayuwarsu, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da kaset ɗin da ke ɗakunan mutane irina da abin da ke cikin kawunanmu. Mu kuwa ƙarewa muke yi. Na ga yadda ake yi in ɗayanmu ya rasu: a zauna rabon gado a lissafa gida da fili da mota, buhunan kaset ba mai sa su a lissafi. Su yi wata biyu a bayan ɗaki, ruwa ya dake su, a kira 'yan jari bola. Ina ganin wurare irin Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero su ne ya dace su riƙa aika matasa gidajen masu tarin nan tun suna da rai, da na'ura da littafi, don kwashe kaset ba tare da mai shi ba rabin aiki ne.

Ni dai na fara nawa. Jikana yana zuwa ƙarshen mako da kwamfutarsa da wata waya da ke haɗa ta da rikoda. Shi yana juyewa, ni ina faɗa yana rubutawa: mawaƙi, wanda aka yi wa, gari, shekara in na tuna, da wanda ya ba ni. In na yi shakka sai in ce ya bar gurbin, kada ya cike da zato. Yakan ce, "Kaka, wannan ai an riga an ɗora ta." In ce masa a ɗora ta da sunanta.

Ana cikin haka maƙwabcina, wani dattijon Gbagyi da muka daɗe muna gaisawa ta kan katanga, ya shigo da leda cike da kaset na yayansa da ya rasu. Ya ce, "Malam, an ce kana gyara irin waɗannan." A duk yawon shagunan da na yi ban taɓa cin karo da faifan kamfani na waƙar Gbagyi ba, ga shi kuwa a ƙasarsu nake zaune, garin kuma kullum cika yake da baƙi, gonakin da na tarar sun zama gidaje. Kaset ɗin na bukukuwa ne da makoki, an ɗauka da rikoda a tsakar fili, ba rubutu ko ɗaya a jikinsu. Na goge funfunar, na haɗa waɗanda suka tsinke, muka juye. Ba na jin harshen sosai, shi kuma maƙwabcin nawa ya ce yana yaro aka yi wasunsu. Sai ya kai ni wurin wata gwaggonsa da ke ginin tukwane. Muka sa mata na farko a waya. Ba a yi nisa ba ta ajiye yumɓun da ke hannunta ta faɗi sunan mai waƙar, da ƙauyensu, da auren wanda aka yi ta a ciki, har ta nuna muryar wata a cikin 'yan amshi ta ce ƙanwar mijinta ce. Jikana ya rubuta. Ta ce sauran ba za ta iya ita kaɗai ba, in an gama haƙar doya mu dawo, za ta tara mana tsofaffin da suka halarci bukukuwan.